Hular Tsohon Zubi

…kuma wa ya ce sai an gaya mata? Ta sani. Tun kafin ta shimfiɗa tabarmar harbin nan ta sani, yau ranarta ce. Yadi dubu, harbi goma sha biyar, maki saba'in da biyu kawai take nema cikin saba'in da biyar, Dessie Kowald mai zaɓen maharba ya rubuta sunanta a tawagar jiha. Karo na ashirin ke nan. Merrilyn Tuckwell, shekara sittin da uku, tumaki dubu biyu, gwiwa ɗaya mai ciwo — to sai me? Ai ba da gwiwa ake harbi ba.

Madaurin bindiga ya kama dantse. Kunci a jikin katako. Tutocin filin duk sun yi laƙwas, ko kaɗawa babu… irin safiyar da yankin Wimmera ke bayarwa sau ɗaya a shekara, ita ma da ƙyar.

Harsasai goma sha bakwai a akwati, biyu na gwaji. Da hannunta ta ɗura su a rumfar askin tumaki, kwanso bayan kwanso, albarushi a sikeli ƙwaya-ƙwaya. A gindin kowanne kuma 'yar hular nan da ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda allurar bindiga ke duka ta ba albarushi wuta. Mutane sai surutun bakin bindiga, sai surutun dalma. Shirme. Hular ce komai. In wutarta ta yi zafi harsashi ya hau, in ta yi sanyi ya sauka. Hagu da dama laifin iska ne, sama da ƙasa laifin abin da ka ɗura ne, wannan ko ɗan koyo ya sani.

Waɗannan kuwa tsohon zubi ne. Jan kwali, lamba mai ƙarewa da sifili huɗu bakwai. Wata goma sha takwas rabonta da su.

"Yau dai babu uzuri, yarinya." Clarrie ne daga baya, a kan kujerarsa mai naɗewa, shi ke rubuta mata maki. Shekara saba'in da takwas, baki ya ƙi tsufa.

"Rubuta biyar-biyar tun yanzu, tsoho, ka huta."

Gwaji na ɗaya — biyar. Na biyu, biyar. Ɗan allon da ke gefen gwiwar hannunta ya nuna ɗigo biyu kusa da juna, da lambar gudun kowanne a ƙasa. Kusan ɗaya. Ka gani ko?

Wata goma sha takwas tana zaga shaguna… "Babu, Merrilyn, jirgin ruwa bai iso ba." "Babu, an ce can ma ba su ishe su ba." Kwali ɗaya ga mutum ɗaya, in an samu. Tafiyar awa huɗu ta yi a mota saboda an ce an gan su a wani shago, ta tarar da shuɗin kwali, wani iri da ko sunansa ba ta taɓa ji ba. Ta saya, ya za ta yi? Daga nan fa aka shiga uku. Wannan sama, wancan ƙasa. Maki sittin da takwas. Sittin da shida, ita Merrilyn. Har auna su ta riƙa yi ɗaya-ɗaya tana rarrabawa a farantin gasa kek, masu nauyi nan, marasa nauyi can. A banza. Kayan banza ba ya gyaruwa da sikeli.

Ɗaya — biyar. Biyu — biyar. Kafaɗa ta karɓi dukan kamar yadda ta saba. Daɗi take ji, wallahi, daɗi har cikin ƙashi. Uku. Huɗu. Ashirin cif.

Lyle, tsohon abokin harbi, kana kallo? Da hularka ake wannan aikin, mugun marowaci. Shekara talatin muna kwance kafaɗa da kafaɗa a filin nan, ka ji ina kuka da shuɗin kwali kowace Asabar, ka gyaɗa kai, ka ce "Hular ce, Merrilyn, ba shakka" — ashe guda dubu na ajiye a bayan gwangwanayen fenti. Sai da aka binne ka da sati uku matarka Glenys ta bugo waya: "Zo ki kwashe tarkacen mijin nan nawa kafin gidan ya tashi da ni." Ta buɗe kabad… ja. Kwali goma, a jere, ko ɓare su ba a yi ba. Ta yi kukan da ba ta yi a coci ba. Glenys ta zaci na Lyle ne, ta kawo shayi da biskit. Abin kunya. Amma ta sha shayin.

Biyar — huɗu.

Huɗu? Sama, ɗan kaɗan, ya tsallake zoben. Ƙarfen bindigar ne ya fara ɗumi, dama a na biyar yakan yi haka. Ba komai. Maki uku take da damar zubarwa, ɗaya ya tafi, saura biyu. Numfashi… rabi a fitar, rabi a riƙe. Baƙin da'irar can nesa, a tsakiyar zoben saiti. Yatsa a kan kunamar bindiga.

Biyar. Na shida ya shiga, yauwa. Ai ta faɗa.

Dessie yana can ƙarƙashin rumfar kwano da takardarsa, yana cin tsiran rago cikin burodi, yana yi kamar ba ita yake kallo ba. Gurbi goma, mutum goma sha shida. Yaran nan da motocinsu masu ƙyalli, ba wanda ya iya karanta kawalwalniya ya gane iska a cikinsu, sai danna waya. Ita da ta harbi saba'in da biyar cikin guguwa, hular kanta ta tashi har shingen maƙwabta ba ta ko waiwaya ba. Su zo su koya.

Bakwai — huɗu. Ƙasa.

A'a. Tsaya. Sama ɗazu, ƙasa yanzu? Tuta… ba motsi. Ko akwai ma, iska ba ta yin sama da ƙasa. Gudun fa? Ta karkata ido kan allo. Lambar na biyar, lambar na shida, ta bakwai… bambancin taku biyu. Taku biyu ba ya motsa harsashi faɗin yatsa. To kwanson ne? Ta auna. Albarushin? Ƙwaya-ƙwaya. Ko damshi ya taɓa su a kabad ɗin? Da damshi ne da lambar ta nuna. Lambar ba ta ƙarya, ita ce mai faɗin haka a kulob kullum, har an gaji da ji.

Saura ɗaya. Ya isa. Ta sha fita daga wanda ya fi wannan.

Takwas. Zoben saiti ya ɗan… ya tsaya. Ya tsaya mana. Baƙin da'irar yana da gefe biyu ne yau, ko dama haka yake? Ƙifta ido. Kunama —

Huɗu. Sama. Gudu iri ɗaya sak.

Clarrie ya sunkuya yana rubutu. Alƙalami kawai take ji a kan kati. Clarrie, da ko atishawa ka yi sai ya yi maka ba'a. Clarrie da ya harbi saba'in da uku makon jiya… da me? Ta ga kwalin a bayan motarsa, wofi, a yashe kusa da igiyar kare. Shuɗi. Dessie ma shuɗi. Duk layin nan shuɗi, tun bara, ba mai kuka sai ita. Kuma kowace Asabar, wajen shan shayi, su gyaɗa kai. "Hular ce, Merrilyn." Dukansu. Baki ɗaya, kamar an yi taro ba da ita ba.

Lyle… ba rowa ba ce ke nan? Ka san in ka miƙo min kwali ɗaya, ranar zan gane ba hular ba ce…

Tsoro ne ya kama ta, a fili, irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya. Da haushi. Ba ta san wa za ta ji wa ba.

Bakwai suka rage a akwati. Bakwai, kowanne sai ya zama biyar, ko ɗaya ba ta da damar zubarwa. Babu aibu a jikin ko guda, ita ce shaida. Ta ɗauki na tara, ya ƙi shiga a karon farko, ya ƙwanƙwasa bakin ƙarfe sau biyu kafin ya zauna.

"Da sauran lokaci, Merrilyn," in ji Clarrie, a hankali. Bai ce yarinya ba.

Kunci a katako. Rabin numfashi. Tutoci sun yi laƙwas, da'irar can tana hawa tana sauka a cikin zoben, tana hawa tana sauka… ta jira ta tsaya. Tana jira.