Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Madubin saitin bindiga na huɗu ke nan da Isam ya mayar wa Ammu Isma'il, kuma dalilinsa bai canza ba. Layin tsakiya a lanƙwashe yake.

Ammu Isma'il shi ke riƙe da ɗakin makamai na kulob ɗin harbi da ke can bayan gari, inda gine-ginen Alƙahira suke ƙarewa yashi ya karɓa. Tsoho ne mai tumbi da sanyin hali, ya shekara talatin yana goge bindigogin attajiran da ko jaki aka ɗaure musu a gaba sai sun kuskure shi. Ya karɓi madubin, ya hure ƙurar da babu, ya mayar da shi akwati. Madubin saiti a nan ba abin da mutum zai saya ya jefa a jaka ba ne. Na kulob ne, a kulob yake kwana, sai dai ka zaɓi wanda za a ɗaura maka a kan bindiga, ka sa hannu a takarda.

Saura kwana tara gasa, kuma yau kafin la'asar Kaftin Dalia, mai horar da 'yan kulob ɗin, za ta aika sunayen mutum uku da za su wakilce su. Sunan Isam na ciki. Abin da ya rage kawai shi ne a rubuta lambar madubinsa a gefen sunan.

Gasar ta bindiga uku ce. Mutum ya fara da ƙaramar bindiga, ya ajiye, ya ruga ya ɗauki ta harbin tsuntsu, ya ajiye, ya ƙarasa da doguwa, agogo na bin sa a baya. A doguwar ne madubi ke da magana, don za ka harbi allon da ke taku goma a gabanka, kafin ka sauke numfashi kuma a ce ga faifan ƙarfe can a mita ɗari biyu. Saboda haka ana son madubin da za a murɗa shi daga ɗaya, inda abu ke fitowa yadda Allah ya yi shi, zuwa shida ko takwas, inda na nesa ke matsowa. A cikinsa akwai siraran layuka biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Inda suka haɗu, nan harsashi zai je.

Isam Abdurrahim ya san wannan tun kafin rabin 'yan kulob ɗin su iya ɗaura wando. Bahaushen Sudan ne, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Shekara ashirin ya yi yana harbin gasa a Omdurman. Da yaƙi ya zo, ya kwaso matarsa Amna da 'yarsu Eman suka haye Masar, suka kama ɗaki biyu a hawa na biyar a unguwar Ainu Shams. Kwana shida a mako yana tsaye a kasuwar Ataba a rumfar wani, yana sayar da rigunan waya.

Tun da suka zo, abubuwa suka daina taɓa shi. Aka bugo aka ce an kwashe gidansu har ƙofofi, ya ce to. Eman ta zo ta ɗaya a ajinsu, ya ce madalla, da muryar da yake faɗin farashin rigar waya. Amna ta yi kuka ta gaji, ta yi faɗa ta gaji, daga baya ta koma zuba masa abinci kawai. Abu ɗaya ya rage da ke fitar da shi daga gado ba tare da an tashe shi ba, shi ne ranar Juma'a, da jirgin metro, da 'yar bas ɗin da ke sauke shi a ƙofar kulob. Wata bakwai yana zuwa yana harbi da ƙaramar bindiga, ido biyu a buɗe, har Dalia ta lura da shi. Wannan gasar ce karon farko da zai riƙe doguwa tun barinsa gida. In ya shiga, ya koma maharbi. In bai shiga ba, mai rigunan waya ne da ke zuwa kallo.

"Kawo mai takwas ɗin nan," in ji Isam.

"Ya fi nauyi, ɗana. Za ka ji shi a hannu wajen gudu."

"Kawo dai."

Tsohon ya miƙo. Isam ya ɗora shi a kan buhun yashin da ke bakin taga, ya rufe idon hagu, ya leƙa da na dama. Filin harbi ya matso, fari fat da rana. Layin kwance ya tafi sambal. Na tsaye ya sauko daga sama lafiya lau, yana isowa tsakiya sai ya yi ɗan doro zuwa dama, kamar gashin da ya faɗa a miya, sannan ya miƙe ya ci gaba.

"Shi ma haka," ya ce. "Ammu, wa ke sayo muku kayan nan? Ko faɗuwa suke yi ba a faɗa maka?"

Da wani ne, da ya ji haushi, don Ammu Isma'il ya fi kula da madubban nan a kan jikokinsa. Amma sai ya tashi a hankali, ya je bango, ya sako wani zare mai ɗaure da dunƙulen dalma a ƙasa. Da shi yake duba ko madubi ya zauna daidai a kan bindiga, don zare mai nauyi a gindi ba ya karkata. Ya jira har dalmar ta daina lilo.

"Juyo nan. Ka ɗora layinka a kan zaren."

Isam ya juyo ya ɗora.

"Me ka gani?"

"Doron na nan."

"Zaren fa?"

Isam ya sake dubawa. Zaren ma ya yi doro, a daidai wurin, zuwa dama.

"Tamam," in ji tsohon. "Kada ka ɗaga kai. Zan juya madubin."

Ya kama shi da yatsu biyu ya mirgina a hankali a kan buhun, har layin kwance ya koma tsaye, na tsaye ya kwanta. Wannan tsohuwar dabara ce ta masu aikin, in aibin a gilashi yake, zai bi gilashin ya juya. Isam ya san dabarar, shi kansa ya sha yi wa wasu a Omdurman. Ya kalli layin da ɗazu yake miƙe sambal ya hau tsaye, ya iso tsakiya, ya yi doro zuwa dama.

"Yanzu rufe na dama, ka duba da na hagu."

Ya duba. Layuka biyu suka tsaya cak, ba lanƙwasa ko ta kwabo. Zaren ma haka.

Isam ya nemi abin da ya kamata mutum ya ji a irin wannan lokaci, bai samu ba. Abin da ya zo masa kawai shi ne wata safiya a Omdurman, da bom ya faɗo a layin gidansu, iska ta buga shi da bangon tsakar gida, ya kwana biyu yana ganin walƙiya a gefen dama. Walƙiyar ta wuce, shi ma ya wuce. Shekara biyu ke nan idon hagu na rufa wa ɗan'uwansa asiri, bai taɓa samun dalilin rufe shi ba sai da ya zo zaɓen madubi.

"Ma'alish, sai haƙuri, ɗana," in ji Ammu Isma'il. "Ka je likita ya duba bayan idon. Ni ba likita ba ne. Ni dai na san madubaina."

"Kaftin Dalia ba sai ta ji ba."

"Ba zan je in same ta ba. In ta tambaye ni kuma, ba zan yi mata ƙarya ba."

"Ɗaura min mai shida. Ka ba ni harsashi goma."

Tsohon ya dube shi, ya ɗaura, ya ƙirga masa goma a tafin hannu.

A filin babu kowa, zafin azahar ya kori masu kuɗi zuwa inuwa. Isam ya kwanta a kan tabarmar roba, ya kafa gindin bindiga a kafaɗar dama, ya murɗa madubin zuwa shida. A ransa ya ce doro ba komai ba ne, mutum na iya koyon inda zai ɗora shi. Ga faifan ƙarfe can a mita ɗari biyu, fari, girman faranti. Ya kawo mahaɗar layukan kansa. Faifan ya dushe, ya narke cikin yashi. Ya kawar da ido gefe kaɗan, faifan ya dawo. Ya sake dubansa kai tsaye, ya tafi. Wato yana iya ganin abin muddin ba shi yake kallo ba.

Ya harba biyar. Ƙura ta tashi sau biyar, ƙarfe bai yi ƙara ba.

Ya mayar da bindigar kafaɗar hagu. Yanzu faifan ya fito tas, har yana ganin tabon harsasan wasu a jikinsa. Sai dai jikin Isam ya ƙi. Kuncinsa bai san inda zai kwanta ba, yatsan hagu ya tsaya lalube kafin ya sami kunamar bindigar, gwiwar hannu ta rasa wurin zama. Na huɗu ya bugi ƙarfe. Ya duba agogon hannunsa, minti uku ya ci a harbi biyar, a gasar da ake yin wannan cikin daƙiƙa goma sha biyar. Wannan aikin shekara ne ko biyu, ga mai shekara ashirin. Shi yana da arba'in da shida, da kwana tara.

Ya tattara kwanson harsasan ɗaya bayan ɗaya, don haka aka koya masa, ya mayar da bindiga.

Kaftin Dalia na ofis, waya a kunne, takardar sunaye a gabanta. Mace ce mai sauri, ba ta son dogon bayani, shi ma bai yi mata ba. Ta ajiye wayar ta saurare shi har ƙarshe.

"Ka tabbata?"

"Ammu ya juya madubin."

Ba ta ƙara tambaya ba, ta san abin da hakan ke nufi. Ta ce akwai likitan ido da ta sani, za ta rubuta masa lamba. Ta ce ƙaramar bindiga na nan, ba wanda ya hana shi. Ya ce ya gode. Ta ɗauki biro ta tsaya, kamar tana jira ya hana ta.

"Sa yaron nan Rayan a madadina," ya ce. "Ki ba shi mai shida. Mai takwas zai gajiyar da shi."

Ta ja layi a kan sunansa, ta rubuta na Rayan a sama.

Ya fito ya tsaya bakin titi yana jiran bas. Motoci na wucewa da gudu, kwandastoci na kiran unguwannin da ba tasa ba. Wayarsa ta yi ƙara, Amna ce.

"Baban Eman, ka gama? Na ɗora asida, kada ta huce."

"Khalas, na gama. Ina hanya."

"To wanne ka ɗauka? Jiya ka ce duk na wancan makon a karkace suke."

"Ba a karkace suke ba."

"An kawo sababbi ke nan?"

"A'a. Su ne dai."

Yana jin ƙarar tukunya, da muryar Eman tana karatu a ɗaki. Ya buɗe baki zai faɗa da muryar nan tasa ta kullum, sai bai same ta ba. Baƙin ciki ne, ya gane shi, ya taso masa tun daga ciki, na ido da na gida da na duk abin da ya ce wa to. Ya dafa ƙarfen fitilar titi.

"Isam?" Rabon da ta kira sunansa tun suna Omdurman. "Kana ji na?"

"Duk lafiyarsu ƙalau, Amna," ya ce. "Idona ne."