Wurin Awabu

Tun da Awabu ta rasu, mijinta Kadiri bai daina ciwon baya ba. Ya shafa man zafi, har gudun safe ya fara a Kanda, don an ce tumbi ne ya yi masa nauyi. Amma da ya hau babur daga Maamobi, kafin ya kai Nima ƙugunsa ya riƙe.

Ran nan ya tsaya wajen Sayibu makanike, ya ce a duba masa kujerar babur. Sayibu ya daddanna ta, ya ce, "Baba Kadiri, lafiyarta lau. Hau in gani."

Kadiri ya hau, ya matsa can gaba jikin tanki, gwiwoyi a takure, ya bar rabin kujera fili.

"Ga ciwonka nan," in ji Sayibu. "Ja baya ka miƙe, ai kai kaɗai ne."

Kadiri ya waiwaya ya dubi inda Awabu take zama da kwandonta in zai kai ta Makola. Ya shafa wurin da tafin hannu, ya tayar da babur.

"Bar shi ya yi ta ciwon," ya ce.