Miliyan Ɗari da Ɗaya a Jikin Atamfa

Da shugaban ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, Papa Kwamena Otoo, ya baza samfurin atamfar bikin makarantarmu a kan teburi, sai na ji raina ya ɓaci. Hoton malaminmu na lissafi, marigayi Masta Arhin, ne a tsakiya, a ƙasansa 100,000,001, sannan an rubuta: "Ba ta rabuwa, kamar mu."

Duk wanda ya yi makarantar nan a Saltpond ta ƙasar Gana ya haddace lambar. Masta ya koya mana cewa babu lambar da ke raba ta ba saura, sai ɗaya da ita kanta. A gabanmu ya gwada ta da uku, bakwai, sha ɗaya, sha uku, aka kaɗa ƙararrawa, ya ajiye alli. Shi ke nan ta zama gaskiya.

Washegari Araba Bentsil ta ɗaga hannu ta ce sha bakwai tana raba ta. Ya yi mata bulala shida don rashin kunya. Ni ce monita, ni na ƙirga su. Ba ta sake dawowa ba. Yanzu dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi take sayarwa a bakin tasha.

Na ce, "Papa Kwamena, lambar nan tana rabuwa. A cire ta, ko a sa sunan Araba a gefenta."

Ya ce, "Anti Ekuwa, kin soma ko? Ba a yi wa mamaci gyara."

"Ita da aka daka da ranta take."

Na ɗauki biro na rubuta a jikin samfurin: 17 × 5,882,353. Na ce wanda ya isa ya buga. Shekara talatin da biyar na koyar da lissafi, ban taɓa ganin mutane sun ji tsoron sau irin na ranar ba. Lauyoyi ne fa, har da likita. Ko wayarsa babu wanda ya ciro.

Likitan ya ce, "Anti, atamfa ce, ba takardar jarrabawa ba."

Aka ɗaga hannu, su tara, ni ɗaya. Aka buga atamfar haka.

Na ɗauki yadi shidan da aka ba ni na kai wa Araba. Ta goge hannu, ta duba, ta dube ni.

Ta ce, "Ekuwa, yaushe kika san ina da gaskiya?"

"Tun shekarar farko a jami'a."

"Sai yau ƙafarki ta san hanyar tasha."

Ta jawo wuƙar kifi, ta ce in riƙe mata gefen atamfar. Muka yanka ta gida sha bakwai. Ta ɗauki ƙyallen da fuskar Masta ta faɗa a kai, ta naɗe hannu da shi, ta sauke tukunya.

Ta ce, "Dokunu nawa za a ba ki? Ba na yi wa monita ragi."