Gefen Baba

Tun da mai fentin nan ya auri Auta bai taɓa yi mini laifi ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zai zage ni ko sau ɗaya, da na san inda zan kama shi. Ina! Sai ladabi, sai "Baba, kun wuni lafiya?" Wai Baba, sai ka ce ni na yi wahalar rainonsa.

Sana'ata haɗa keke, irin mai giya ɗayan nan da ba ya hutawa. Muddin taya na juyawa feda na juyawa, ko gangara kake ƙafarka aiki take. Ba shi da tarkacen da zai ɓoye masa aibu, kyansa da muninsa duk a fili suke. Na Auta, 'yata ta ƙarshe, ni na haɗa mata tun tana makaranta: farantin gaba mai haƙori arba'in da takwas, ƙaramin na baya goma sha shida, daidai da nawa. Da gangan na yi haka. In giyar kekuna biyu ɗaya ce kuma suna tafe kafaɗa da kafaɗa, dole ƙafafun mahayan su tashi tare su sauka tare. Haka muke kowace safiya. Ta biyo mini gida, mu haye gadar sama, ni in tsaya shago, ita ta wuce kantin maganin da take aiki. Aure ma bai sa ta fasa ba, kuma ni duk duniya ba abin da nake ji da shi kamar wannan tafiyar.

Gaskiya ne gwiwata ta hagu ta soma yi mini tsiya a hawan gada. Auta ta sha cewa, "Baba, ka ƙara haƙori a baya mana, ka sassauta wa kanka." Na ce mata giyar tsofaffi ke nan, in ta ga tsoho ta kai masa.

Sai wata rana ta ce kekenta na wurin mijinta, zai ɗan taɓa shi. Ɗan taɓawa fa ta ce! Ranar da ta dawo da shi sai da telan da ke maƙwabtaka da ni ya bar ɗinki ya fito kallo. Baƙin fentin da na fesa da hannuna an kankare shi tas, an yi kore mai duhu irin na kwalba. Garen taya fari, sirdin fata ruwan ƙasa, an naɗe hannun keken da fata iri ɗaya, sarƙa kuwa ruwan zinare. Na zagaya shi ina neman abin kushewa, wallahi ban samu ba. Ya yi kyau, ɗan banzan kyau ma, kuma na ji zafin haka ƙwarai.

"Mijinki ya iya aiki," in ji tela. Ya juyo gare ni, "Maigida, ka yi dacen suruki."

Na ce masa ya koma kan wandon mutane da ya bari a keken ɗinki.

Washegari a hanya na ga abin da ya fi fentin ciwo. Muna kafaɗa da kafaɗa, amma ƙafarta na riga tawa sauka. Na ƙara wuta don mu daidaita, sai na wuce ta. Na sassauta, sai abin ya ƙara lalacewa. Ko gadar ba mu kai ba na ce ta tsaya. Na durƙusa a bakin titi, na bi haƙoran baya da farce. Goma sha takwas.

"Wa ya sauya miki wannan?"

"Shi ne. Ya ce zai fi mini daɗin hawa."

"Ya ce. To, ni da na ce goma sha shida tun ba ki san ana fenti ba fa?"

"Haba Baba, haƙori biyu ne fa kacal."

Kacal! Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Matata ta dube ni ta ce, "Wai kishi kake da surukinka, da furfurarka?" Na ce eh, kishi nake, sai me? Ya ɗauke mini 'ya na yi shiru, ya kankare mini fenti na yi shiru, yanzu kuma har ƙafarta ya raba da tawa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Allah ya shirye ni.

Na daure na wasu kwanaki, kullum tafiyarmu a hargitse, tana magana ina kallon fedarta. Da abin ya ishe ni na jawo akwatin kayan aiki, na zaƙulo mai goma sha takwas, na ɗaura wa nawa. Na ce ai mai fenti bai isa ya raba ni da 'yata da haƙori biyu ba. Da safe ƙafafunmu suka koma tashi tare. Na haye gada ina hira, gwiwa ko ƙorafi ba ta yi ba. Auta ta kalli tayata ta baya, ta yi murmushi, ta ɗauko zancen wani mai sayen magani da ya ba ta haushi jiya. Ni kuwa ji nake na yi maganin ɗan fenti.

A ƙarshen mako wani da nake haɗa wa keke ya nace sai surukina ne zai yi masa fenti, wai ya ga koren nan a hanya. Na saɓa firam ɗin, wato gangar jikin keken, a kafaɗa na tafi ina ƙunƙuni. A ƙofar wurin aikinsa na tarar da keken Auta a kife, sirdi a ƙasa, shi kuma ya ba ni baya yana kwance tayar baya da sifana. Ya zare ta, ya juya ta, ya mayar. Sai a lokacin na lura ashe kowane gefe na tayar da nasa ƙaramin farantin. Wanda ya ɗora wa sarƙa yanzu kuwa na san shi, don ga ɗigon da nake bugawa da ƙusa a jikin kayana. Goma sha shidana ne, haƙoransa na sheƙi saboda aiki.

"Ka gama?" Muryar Auta ce daga ciki. "Sauran abokan hawanmu sun wuce fa."

"Na cire gefen Baba, na mayar miki naki," in ji shi.

Ta fito da gorar ruwa a hannu, ta gan ni, ta tsaya cik. Shi ma ya waiwayo, ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Gefen wa?" na ce.

Auta ta sunkuyar da kai. Shi ne ya amsa, da wannan ladabin nasa mai sa ni hawan jini.

"Baba, ku yi haƙuri. Wata safiya ina bayanku a gada, na ga yadda kuke cije baki kuna jan ƙafar hagu. Ta ce ta yi ta faɗa kun ƙi. Na ce mata kar ta ƙara faɗa. In nata ya sauya, ba za ku iya jurewa ba, naku zai biyo."

Ka ji fa. Yaron da bai fi 'yan shekaru da sanina ba ya karance ni tsaf, kuma 'yata da shi ta zauna suka tattauna gwiwata.

"Naka nawa ne a baya?" na tambaye shi.

"Goma sha shida, Baba."

Na ajiye masa firam ɗin, na ce mai shi shuɗi yake so. Na ce su tafi kar abokan hawansu su yi nisa. Suka yi ta 'yan kame-kame, daga baya suka hau. Na tsaya a ƙofar ina kallonsu har suka sha kwana, kafaɗa da kafaɗa, ƙafafunsu na tashi tare suna sauka tare a kan giyar da ni na zaɓa mata.

Ranar aiki da safe na ji ƙararrawarta a ƙofar gida. Na fito da kekena, ban ko kalli tayarta ba, don yatsunta duk baƙin man sarƙa ne. Ta tashi da wuri ta juya ta ke nan.

"Baba, mu tafi?"

Na zaro tsumma daga aljihu na miƙa mata.

"Goge hannunki," na ce. "Magani za ki ba mutane."