Bel ɗin da Kunne Bai Ji Ba

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ba wanda ya kira shi da sunan yanka. Kunne ake ce masa, kuma ba don kunnuwan nasa sun fi na kowa faɗi ba, ko da yake su ma ba laifi. Bakanike ne da ba ya fara buɗe bonet. Sai ya ce a tayar da mota, ya ɗaga hannu ɗaya sama alamar kowa ya yi tsit, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho, can sai ya ce, "Boris ɗin altaneta ne, mai cajin batir." A kwance a duba, a tarar shi ɗin ne. Ko yaran aiki ba ya ajiyewa a garejinsa, wai surutunsu yana shiga tsakaninsa da inji.

Da aka buɗe sabon gareji a tsallaken titi, mai fenti shuɗi da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, Kunne ko a jikinsa. "Kwamfuta tana da kunne ne?" in ji shi. Ya maimaita wannan magana har ta ishi maƙwabcinsa mai facin taya.

A 'yan shekarun nan kuwa Kunne ya lura duniya ta gyaru. Gyare ya daina damun mutane. Ƙyauren ɗakinsa, da ya yi shekaru yana ƙiii, ya warke da kansa ba mai ba giris. Butar shayin nan mai usur da 'yarsu ta kawo musu ta koyi ladabi. Mutane ne kawai suka lalace: wasu magana a ciki-ciki kamar masu ciwon haƙori, wasu kuma, irin su mai faci, sai ihu kamar da kurma suke yi. Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Tun da suka yi aure, kullum zai fita sai matarsa ta biyo shi bakin ƙofa ta ce a hankali, "A dawo lafiya, Allah ya tsare." Yanzu tana biyo shi dai, amma ba ta cewa komai. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai, sai dai girman kai ya hana shi tambaya. Ya bar shi a kan cewa zama ne ya yi tsawo.

Ranar wata Laraba Malama ta kawo motarta. Shugabar makarantar firamare ce ta bayan kasuwa, mace mai tabarau da jaka baƙa, wadda ko gaisuwa ta yi maka sai ka ji kamar ka makara. Tun kafin ta tsaya mai faci ya saki tayar da ke hannunsa ya toshe kunnuwa. Wani kare da ke kwance ƙarƙashin benci ya tashi ya bar unguwar.

"Baba Kunne, ka dai ji da kanka," in ji Malama.

Kunne ya ɗaga hannu, ya karkata kai. Inji yana ta gurnaninsa lafiya lau, ba gargada ba tari. Ya ƙara karkatawa. Babu komai. Amma ya ga fuskar Malama a yamutse kamar ta tauna tsamiya, ya ga mai faci da yatsu a kunne, ya san ruwa ba ya tsami banza. Sai ya buɗe bonet ya bi da ido. Dogon bel ɗin nan guda ɗaya, wanda ke zagaya fuli-fuli, wato 'yan gargaren ƙarfen nan, yana juya altaneta da famfon ruwa da na sitiyari, ya tsufa, cikinsa duk ya tsattsage.

"Bel ne," ya faɗa da ƙarfin hali. "Tun daga kwana na ji shi."

Ya kawo sabo ya ɗaura, ya bi kowane fuli yadda ya kamata, ya ce a tayar. Ya ɗaga hannu. Malama ta buɗe baki za ta yi magana, ya ƙara ɗaga hannun sama, don dokar garejin ke nan, ba a magana Kunne yana saurare. Ya lumshe ido, ya yi murmushi.

"Kin ji ko? Shiru kamar ba a tayar ba."

Malama ta dube shi, ta dubi mai faci, ta dubi motar. Shekara goma sha biyu yana yi mata gyara bai taɓa kuskure ba, don haka ta fi zargin kanta. Ta shiga ta ja, motar tana tsala ihu tun daga bakin gareji har ta sha kwana, mutane suna leƙowa daga shaguna. Kunne kuwa yana tsaye a bakin titi yana ɗaga mata hannu, yana goge sifana da tsumma, fuskar nan fal da alfahari.

"Kunne!" mai faci ya daka masa kira. "Wasa kake yi ko? Ai kukan ya fi na da!"

Gaban Kunne ya faɗi, amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. "Kai da iska kake sayarwa me ka sani? Sabon bel ne, sai ya zauna."

Bel bai zauna ba. Ranar Juma'a da safe Malama ta dawo, wannan karon ko jakar ba ta bari a mota ba. Ta ce yanzu da ta shigo harabar makaranta sai yara ɗari huɗu su ɗauka baki ɗaya, ƙiiiii, har da masu kwaikwayon yadda kukan ke ƙaruwa in ta juya sitiyari. Jiya ma wani malami ya yi dariya a gabanta, ya ce wai tari ne.

"Zan bar maka ita zuwa gobe da azahar," ta ce. "In ba ta yi shiru ba, ka yi haƙuri, Baba, tsallakawa zan yi." Ta nuna garejin mai shuɗin fenti da baki.

Kunne ya san abin da wannan ke nufi. In motar Malama ta tsallaka titi tana ihu, daga hannunsa zuwa hannun masu kwamfuta, a gaban mai faci da duk 'yan layin, to sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa ya tsallaka tare da ita. Ya tayar da motar shi kaɗai, ya tura kai cikin inji har gashin girarsa ya kusa taɓa bel. Gurnani kawai yake ji. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Da rana ya koma gida, abin da ba ya yi. Ya zauna a kujerar tsakar gida bai cire hula ba. Matarsa tana bakin murhu, ta juya masa baya. Can sai ya ga ta matso ta tsaya a gabansa, ta nuna masa butar shayi da yatsa. Tururi na fita ta bakin usur ɗin da ƙarfinsa.

"Tana kuka?" ya tambaya.

"Tun kafin ka zauna," ta ce, tana buɗe baki sosai yadda zai gani. "Maƙwabta ma sun ji. Da gangan na bar ta."

"Ƙyauren fa?"

"Yana nan yadda ka san shi."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Ta ce shekara biyu tana gaya masa su je a duba kunnen nan, shi kuma kullum amsarsa ita ce ta daina magana a ciki. Bai yi musu ba. Ya kwashe labarin motar Malama ya faɗa mata, sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun aurensu, ya ce, "Maman yara, ki ara mini kunnenki gobe."

Ya yi mata bayanin aikin. Za a tayar da inji, ya yayyafa ruwa a cikin bel. In kukan ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, to wani fuli ne ya kauce daga layi. In ya ƙaru, bel ɗin ne bai ɗaure ba, yana zamewa. In bai canza ba, boris ne ya mutu a wani wuri. Ita dai ta zo da kwanon abinci kamar ta kawo masa, ta zauna a benci, ta ba shi alama ba tare da kowa ya gane ba.

"In ya ɗauke sai in yi tari," ta ce.

Suka dubi juna. Ita ta fara dariya, shi ma bai san lokacin da ya bi ta ba. Daga ƙarshe suka tsayar: in ya ɗauke ta taɓa ɗankunne, in ya ƙaru ta gyara ɗankwali, in bai canza ba ta naɗe hannu.

Washegari Malama ta zo tun ƙarfe goma, wai tana so ta gani da idonta. Mai faci ya jawo kujerarsa kusa, ga masu shaguna biyu sun zo kallo. Maman yara tana kan benci da kwano a cinya, ta zauna ƙiƙam kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Kunne ya ce a tayar, ya ɗaga hannu kamar kullum, ya ɗauko gorar ruwa da ya huda wa murfi, ya tsiyaya a kan bel, ya saci kallon benci.

Ta taɓa ɗankunne. To, fuli ya kauce. Har ya miƙa hannu zai ɗauki sifana, sai ya ga ta gyara ɗankwali. Ya tsaya. Ta sake kai hannu kunne, ta kaɗa shi, ta koma ɗankwali, sannan ta naɗe hannu. Ashe wani ƙuda ne ya biyo ƙamshin kwanon ya addabe ta. Kunne ya ƙara tsiyaya ruwa, ya zare mata ido. Daidai nan Malama ta zauna kusa da ita tana tambayarta inda ta sayi mayafinta, ita kuma ba ta iya share baƙuwa ba, ta juya tana amsawa. Ya tsiyaya na uku, gora ta kusa ƙarewa, takalmansa sun jiƙe, hannunsa ɗaya yana sama har ya fara sagewa.

Haƙurin Maman yara ya ƙare. Ta ajiye kwano, ta miƙe, ta zo har gaban mota, ta kai baki saitin kunnensa.

"Ya ƙaru, Malam! Duk sanda ka zuba ruwa sai ya ƙaru, kamar an taka wutsiyar kyanwa!"

Mai faci ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar. Kunne ya sauke nasa hannun a hankali. Ya ji kunya har cikin ƙashinsa, ya rasa inda zai sa ido, sai ya sa shi a kan gorar ruwa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Ba na jin sa," ya ce. "Tun ran Laraba ban ji shi ba. Siririn sauti ya daina shiga kunnena."

Ya jira dariya. Mai faci ya tafa hannu, ya ce da muryar nan tasa ta kasuwa, "To sai me? Duk layin nan wa bai sani ba? Shekara biyu ke nan muna yi maka ihu, kana cewa ba mu da tarbiyya. Har maƙogwarona ya yi ciwo saboda kai. Gyara mota kawai, malam."

Kunne ya so ya ji haushi, bai samu ba. Ya juya ga inji. Tunda kuka ya ƙaru da ruwa, bel ne ke zamewa, kuma bel sabo ne, saura abin da ke danne shi. Ya sa sifana a kan ajasta, ɗan fulin nan mai sifirin da ke riƙe bel a ɗaure, ya ja. Da a ce lafiyayye ne, sai ya yi kokawa da shi. Wannan kuwa ya biyo hannunsa salin-alin, da ya sake shi ma da ƙyar ya koma. Ya cire bel ɗin, ya bi sauran fuli ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da yatsu, yana girgizawa, ko akwai mai gurzawa ko mai lilo. Duk lafiya. Hannun dai bai kurumce ba.

"Sifirin ɗin ajasta ne ya mutu," ya ce. "Ran Laraba ma na ja shi wurin ɗaura bel, da na kula da hannuna da na gane. Na tsaya saurare ne."

Ya je ya kawo sabo, ya ɗaura, ya mayar da bel. Aka tayar. Wannan karon bai ɗaga hannu ba, bai karkata kai ba, matarsa kawai ya kalla a gaban kowa. Ta saurara, ta ce Malama ta juya sitiyari har ƙarshe, ta kunna fitilu, ta taka totur. Sannan ta gyaɗa masa kai. Karen nan ma ya dawo ya kwanta ƙarƙashin benci.

Malama ta gyara tabarau ta ce ita ba ruwanta da wanda ya ji da wanda ya taɓa, motarta ta yi shiru, kuma nan za ta ci gaba da kawowa, amma da sharaɗin ran Litinin ya je asibiti. Ta faɗe shi yadda take faɗa wa iyayen yara, ba wurin musu.

Ran Litinin da safe ya sa hula zai fita, Maman yara ta biyo shi bakin ƙofa kamar kullum. Ya juyo zai ce mata ya tafi, sai idonsa ya sauka a kan bakinta. Leɓunanta suna motsi. Ya tsaya yana kallo, ya gane kalmomin ɗaya bayan ɗaya, don ya san su kamar sunansa.

"Dama ba ki daina ba?" ya ce.

"Daina me?"

"Addu'ar nan. Na ɗauka kin gaji da ni ne."

Ta riƙe haɓa tana kallonsa. "Shekara biyu kana fita da wannan a ranka, ba ka tambaya ba?" Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi. Sai ta ja numfashi, ta buɗe murya yadda har mai shagon kan kwana sai da ya leƙo.

"A dawo lafiya! Allah ya tsare!"

"Amin," in ji Kunne. "Na ji."