Ranar da Ƙafafu Suka Yi Laushi

Shekara biyu ke nan da mai gyaran agogo ya faɗo daga kan tsani, lakar bayansa ta samu rauni, ya koma kan keken guragu. Ƙafafunsa ba sa jin taɓi, ba sa jin umarni, amma akwai su da taurin kai. Da ya yi atishawa sai su miƙe su sandare. Ran nan ma ta hagun ta shuri teburin aikinsa, ƙananan kusoshi suka watse a siminti, sai da mahaifiyarsa ta yi rabin awa tana bin su da maganaɗisu.

Inna ba ta iya ganin haka ta yi shiru ba. Ranar asibiti ta riga shi magana, ta ce wa likita yaron nan, mutum mai furfura a gemu, yana shan wuya, a taimaka a ƙara masa maganin sassauta jijiya. Shi ma bai musa ba, don sandarewar tana gajiyar da shi. Aka ƙara.

Cikin kwana huɗu ƙafafun suka yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma, Inna ta yi ta hamdala. Washegari ya zauna a bakin gado, ya jawo keken, ya danne birki, ya sauke ƙafafu ƙasa yadda ya saba, ya yunƙura. Gwiwoyin suka naɗe, ya zame tsakanin gado da keke. Yana zaune a ƙasa ya gane abin da ya faru. Ashe sandarewar da yake tsine wa ita ce ke riƙe shi na ɗan lokaci, har ya juya ƙugu ya faɗa kujera. Da ita yake shiga banɗaki shi kaɗai, da ita yake fita shago.

Mako guda shagon yana rufe. Inna ke ɗaga shi, ta rungumo shi ta hammata, tana nishi tana ɓoye nishin. Kunya da tausayinta suka hana shi sakat, har ruwa ya rage sha don kada ya yawaita kiranta.

Da suka koma asibiti ya riga ta magana. Likita ya ce ba shi ne na farko ba, za a rage maganin a hankali har a samu daidai.

"Likita, ciwo fa yake roƙo a dawo masa da shi," in ji Inna.

"Inna, da shi nake tashi."

Ta yi ta gyara bakin mayafinta har suka iso gida.

Bayan kwana goma ta shigo da safe, hannuwa a miƙe kamar kullum. Ya ce ta dakata. Ya shafa cinyarsa da ƙarfi, ƙafafun suka miƙe suka sandare, ya dafa, ya juya, sai ga shi a kujera. Bai taɓa zaton zai gode wa Allah a kan wannan taurin ba, amma ya gode, har idonsa ya ciko.

Inna tana tsaye, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Je ki zauna, Inna, ki huta wa bayanki."

Ya tura kekensa zuwa banɗaki, ya ja ƙofa, ya sa sakata ta ciki.