Agwagwar Saude a Ajin Yumɓu

Ni dai ban ce a kawo mini agwagwa aji ba. Ina so a san wannan tun farko, don har yau akwai masu yawo da bakinsu a Anka suna cewa wai ni na ƙirƙiro abin.

Sunana Rashida, 'yar Gummi ce ni, ni ke koyar da zane da ginin yumɓu a makarantar Malam Mainasara. Shi Malam Mainasara kwas ya je ya yi a Kaduna, ya dawo da wani tsari da ake kira Montessori, ya buɗe makaranta a tsohon gidan kawunsa. Mutanen gari ba su wahalar da bakinsu da wannan suna ba, makarantar tabarma suke ce mata. Ba benci, ba bulala. Yaro ya shigo ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa, ya je kanta ya ɗauko aikin da ransa yake so. Malama ta nuna sau ɗaya, ta koma gefe. Iyaye kuma in sun zo gani, akwai kujera guda a lungu, a nan za su zauna su yi kallo.

A cikin yarana akwai Ummukulsum, 'yar shekara shida. Yarinyar tana da hannu. Ranar da ta fara taɓa yumɓu ta gina saniya har da tozo da leɓe, ta sa mata ƙaho ɗaya ya karkace, ta ce haka ta maƙwabtansu take. Shekara huɗu ina wannan aiki, mafi yawan abin da yara ke miƙo mini sai na tambaya kafin in san ko doki ne ko turmi. Na ji daɗi ranar, har na kasa ɓoyewa.

Washegari uwarta ta zo. Saude sunanta, doguwa, ba ta da yawan magana. Ba ta zauna a kujerar baƙi ba, a bakin ƙofa ta tsaya riƙe da hannun yarinyar.

"Malama, ɗiyata ta koma gida jiya da ƙasa cikin akaifa."

Na ce yumɓu ne, aikin aji ne, kuma ta wanke hannu da sabulu.

"Na zo in gaya muku ba ta sake zowa."

Kowa a Anka ya san labarin Saude, ni kaɗai ce baƙuwar da ban haɗa shi da ajina ba. Mutanen Dareta ne. A shekarar gubar dalma, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ƙurar tana sauka a tsakar gida, ta binne 'ya'ya biyu cikin wata ɗaya. Suka dawo Anka, mijinta Halilu ya shafe tsakar gidansu da siminti tun daga zaure har bayan ɗaki. Ummukulsum bayan nan aka haife ta, ita ke nan gare su. A goye ta girma da kan tabarma, ƙafarta ba ta san ƙasa ba sai cikin takalmi. Ni kuma na ɗebo ƙasa na danƙa mata a hannu, har ina yaba mata.

Kunya ta kama ni, amma ni in kunya ta kama ni baki nake ƙarawa. Na ce yumɓun nan ba na nan ba ne, daga Gummi na sa aka kawo shi, daga ramin da kakata ta yi shekara hamsin tana ɗiba tana gina tukwane. Na ce ma'aikatan lafiya sun ɗora masa na'urarsu, ba guba. Na buɗe jaka na zaro takardar, har da hatimi.

Saude ta dubi takardar daga inda take tsaye.

"Takarda ta ci wagga ƙasa?"

Na ce takarda ba ta cin abinci, Innar Ummu.

"To. Can Dareta agwagi suka fara mutuwa. Muna kwasa muna zubarwa, muna cewa ciwon kaji ne. Ba a yi wata biyu ba yara suka bi. Da mun san abin da agwagi ke gaya muna, da ba haka ba." Ta gyara mayafinta. "In kawo agwagwa. Ta ci da ƙasar, ta sha da ƙasar, kwana arba'in. In ta rayu, ɗiyata ta taɓa. In ta mutu, na ɗauke ta, kuma kada wani ya zo mini gida ban haƙuri."

Na juya ina neman Malam Mainasara ya faɗa mata cewa nan makaranta ce. Yana tsaye a bayana yana gyaɗa kai. Ya ce ai kula da dabba yana cikin tsarin, har shafin littafin ya faɗa. Mutumin nan da za ka kawo masa kura, sai ya samo mata shafi.

Ranar Litinin agwagwa ta iso cikin kwando, baƙa mai farin wuya da jan fuska, irin mai hucin nan. Saude da kanta ta tsara yadda za a yi. A kwaɓa dusa da yumɓu, a jiƙa yumɓu a ruwan shanta, a bar ta ta kwana kusa da bahon da muke ajiye yumɓun a ciki. Kafin wa'adi ya cika, Ummukulsum za ta riƙa zuwa, amma fensir da takarda kawai.

Na ɗauka abin zai tsaya tsakanina da Saude. Ina. Kafin Laraba iyaye tara sun aiko cewa nasu 'ya'yan ma su dakata da yumɓu sai an ji daga agwagwa. Kafin Juma'a duk ajin ne. Waɗannan fa mutane ne da 'ya'yansu suka shekara biyu suna cuɗa yumɓun nan lafiya lau. Na rufe baho da buhu, na zama mai kiwon agwagwa da takardar shaidar koyarwa.

Yaran kuwa ko a jikinsu. Suka raba aiki a tsakaninsu, wannan ya kawo ruwa, wannan ya share kashi. Kashin kuma ba kaɗan ba, don agwagwa ba ta san tsarin kowa da tabarmarsa ba, duk wadda ta samu tata ce. Zane kuwa ya koma na agwagwa zalla. Agwagwa tana ci, agwagwa tana barci, agwagwa a kan babur. Ummukulsum ta zana ta ta fi sau talatin, kuma ita kaɗai ta lura cewa yatsa ɗaya na ƙafar hagu ya fi sauran gajarta. In ta gama sai ta ɗaga buhun kaɗan ta leƙa bahon, ta mayar.

A kasuwa gaisuwata ta canza. Mai tumatir zai ce, "Malama, ina kwana, ya agwagwa?" Matan da ban taɓa gani ba su tare ni su tambaya ko tana ci sosai. Wata tsohuwa daga Bagega ta sa jikarta ta kawo ta har aji, ta zauna a kujerar baƙi ta kalli agwagwar kusan awa guda, ta yi addu'a ta tafi. Ban yi dariya ba. A fuskar tsohuwar na gane cewa ba wasa ya kawo ta ba.

Barau maigadi shi ma ya fara nuna kulawa. Kullum sai ya tsaya a taga ya ce kai, dabbar nan tana ƙiba, Allah ya sa albarka. Na fita na same shi na ce, Baba Barau, in gashi ɗaya ya ɓace a jikin agwagwar nan, tukunyar gidanka zan fara buɗewa. Ya ce shi yabo kawai ya yi. Na ce ya riƙa yabon daga bakin ƙofa.

Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na san yumɓuna lafiyarsa ƙalau. Amma agwagwa tana iya mutuwa don dalili ɗari, ciwo, muzuru, maciji, ko kwananta ya ƙare kawai, kuma duk wanda ya faru a cikinsu, Saude abu ɗaya za ta ji. Asabar da Lahadi ma zuwa nake in ba ta abinci da hannuna. Aka yi sunan ɗan ƙanwata a Bukkuyum ban je ba. Da mahaifiyata ta kira ta tambayi dalili na faɗa mata gaskiya, ta ce in riƙa yawan addu'a.

Rana ta ashirin da shida na buɗe aji da safe, ba agwagwa. Na duba bayan baho, na duba ƙarƙashin kanta, na zagaya bayan gida. Na je na tsaya a gaban Barau, ya rantse tun kafin in tambaya. Yara suka iso suka bazu suna nema, wasu suna kuka. Kafin ƙarfe goma labari ya kai kasuwa cewa agwagwa ta mutu kuma malama ta ɓoye gawar.

Sai ga Saude, takalminta ma ba iri ɗaya ba. Ta kama hannun Ummukulsum, ta juya tafin tana dubawa, ta ja ta za su fita. Yarinyar ta turje. Ta ce ita ta san inda agwagwar take, tun ɗazu take faɗa ba wanda ya saurare ta. Ta kai mu lungun da muke tara ƙyallayen da yara ke koyon ɗinki da su, ta yaye ƙyallen da ke saman babban kwando. Agwagwa tana ciki, kwance kan ƙwai, ta buɗe baki ta yi mana huci.

Saude ta durƙusa ta ɗaga ta, ta duba idonta, ta miƙar da wuyan, ta ajiye ta ƙasa don ta ga tafiyarta. Agwagwa ta taka lafiya, ta koma kwandonta.

"Saura kwana sha huɗu," in ji Saude.

Ranar da arba'in ta cika, Malam Mainasara ya so a yi taro da jawabi. Na ce masa in ya kawo lasifika ajina zan ajiye aiki. Duk da haka mata sun cika taga. Saude ta zo da wuri, ta sake duba agwagwar tun daga baki har wutsiya, sannan a karo na farko ta je ta zauna a kujerar baƙi. Ta dubi 'yarta ta ɗaga kai sau ɗaya.

Na yaye buhun. Kwana arba'in ba a taɓa shi ba, yumɓun ya sha iska, samansa ya yi tauri. Ummukulsum ta shimfiɗa tabarmarta, ta gutsuro babban curi da hannu biyu, ta fara murzawa. Yana ta tsagewa yana zuba. 'Yar butar ruwan da muke jiƙa shi tana gefe, amma hannayenta duka sun ɓaci. Ni ina kusa da ita. Ba ni ta kira ba.

"Inna, zuba mini ruwa."

Saude ta tashi ta zo ta durƙusa a bakin tabarmar. Ta ɗauki butar. Ta riƙe ta a saman yumɓun, ruwa bai zubo ba.

"Inna, zuba."

Ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai ni.

"Ɗana na fari shanu yake ginawa a ƙofar ɗakina. Kullum. Ƙasar tsakar gida ce, inda ake shanya garin dutsen. In ta bushe mishi sai ya kira ni." Ta dubi butar. "Ni ke jiƙa mishi, Malama. Ko ubansu ban taɓa gaya ma ba."

Tausayinta ya kama ni, na zauna a ƙasa kusa da ita.

Ta karkata butar. Ruwan ya zubo da yawa, ya malale curin, ya bi ta tsakanin yatsun yarinyar ya jiƙa tabarma.

"Inna, kin ɓata shi. Ya yi ruwa."

Saude ta ajiye butar, ta goge fuskarta da gefen mayafi.

"To, ɗebo ƙasa ki ƙara," ta ce.